ABOKIN DA NA TSINTA A BIRNIN AKRA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa daga cikin masu hidimar raba wannan jarida ya gabatar a zaman matasa na daren Juma'a. Mun kawo muku shi yadda ya gabatar, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

    

Da farko ina neman afuwar malamaina da yayyena da ke wannan zama, domin ni ba malami ba ne. Kowa ya san ni, iyakata in ɗauko ƙunshin jarida ranar Juma'a in tsaya a bakin masallaci. Maudu'in da aka ba ni shi ne 'yan uwantaka a Musulunci. Na kwana biyu ina tara ayoyi da hadisai a takarda, sai na ga duk abin da na tara kun riga kun haddace shi, wasunku ma sun fi ni iya kawo shi da Larabcinsa. To sai na ajiye takardar. Abin da zan yi yau shi ne in ba ku labarin wata tafiya da na yi, in kuma sauke wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Wasu daga cikin waɗanda ke zaune a nan suna cikin labarin, kuma da na fara za su gane.

A watan Oktoba na 2022, wanda ya zo daidai da Rabi'ul Awwal na 1444, kawuna ya aike ni ƙasar Gana. Shi sana'arsa huluna da ɗinkakkun kaya, yana da wani abokin ciniki a birnin Akra da kuɗinsa suka maƙale a hannunsa tun lokacin annobar korona. Kun san Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Maris na 2020, ba ta buɗe ba sai ƙarshen Maris na 2022. Ga shi kuma a wannan shekarar kuɗinsu, wato Sidi, kullum faɗuwa yake yi, saboda haka kawu ya ce in aka ƙara jira, abin da za a karɓo ba zai sayi rabin kayan ba. Shi ke nan na kama hanya. Daga Kano zuwa Legas a motar dare, daga Legas zuwa Seme, a shiga Kwatano, a tsallaka Togo a ratsa Lome, a shiga Gana ta Aflawo, sannan Akra. Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za ka tsallaka, kuɗi iri uku za ka riƙe, Naira da Sefa da Sidi, harshen hukuma kuma ya tashi daga Ingilishi ya koma Faransanci ya sake dawowa Ingilishi. Duk wannan aikin Turawan mulkin mallaka ne, suka yanka gaɓar teku ɗaya gunduwa-gunduwa kamar masu rabon nama. Amma wannan batun wata rana ne.

Na sauka a unguwar Nima. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamaki, domin ka bar gida da kwana biyu a mota, ka sauka, sai ka ji mai shayi yana ce maka sannu da zuwa. Hausa ce ake yi a lungunan nan, sai dai tasu ba ta raba namiji da mace. Ranar farko da na ji wani dattijo ya ce matarsa ya tafi kasuwa, sai da na danne dariya. Da safe koko da ƙosai ake sha, kuma ko waɗanda ba Hausawa ba da wannan sunan suke kiransu. Shinkafa da wake kuwa sun taƙaita sunan, suna cewa wace. Akwai ma wata mahaɗar hanya kusa da nan da ake kira Kawo Kuɗi. Wannan ba abin jiya ba ne. Kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, suna yada zango a Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai suka bazu zuwa Karaci da Kumasi da Akra, wadda su suke kira Ankara. Babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a can ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa, ya rasu a Karaci a 1934. Shi ya sa har yau unguwannin Musulmi a ƙasar sunansu Zango.

Ranar Juma'a sai mai masaukina ya ce mu je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ba nisa da Nima. Turkawa ne suka taimaka aka gina shi, da ƙubbobi da hasumiya huɗu irin ginin Istanbul, an buɗe shi a watan Yuli na 2021. Aka idar da salla, jama'a suka fara fitowa. Ni kuma sabo, kun san mai hali ba ya fasa halinsa, ina sa takalmi ina dube-dube ko zan ga masu sayar da jarida a bakin ƙofa kamar yadda muke yi a nan. Ina cikin haka sai na ji wani a bayana, dab da kunnena, ya ce a hankali: "Ta fito, ta fito, da zafinta!"

'Yan uwa, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Wannan kiran mu biyu ne muka ƙirƙiro shi muna 'yan shekara sha shida, lokacin da aka fara ba mu jarida mu sayar. Na waiwaya. Na ga wani mutum baƙi, siriri, da tsohuwar jallabiya wankakkiya. Fuskar ban gane ta nan take ba, sai da ya yi murmushi na ga haƙorin nan da ya karye a filin ƙwallo muna aji uku. Ya ce, "Ustaz, ba ka gane ni ba ko?" Na ce, "Kai ne?" Ya ce, "Ni ne, mutumina." Muka rungume juna a tsakiyar mutane, ana ture mu ana wucewa.

Ba zan faɗi sunansa ba, domin da wannan sharaɗin ya yarda in ba da labarin. Amma bari in gaya wa ƙannenmu da ba su san shi ba ko wane ne. Tare muka shiga Islamiyya, benci ɗaya. Ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Shi ya fahimtar da ni babin ƙabli da ba'adi a Ahalari bayan malam ya yi bayani sau uku ban gane ba. Shi ya fara kawo ni wannan zama da muke ciki yanzu, ya riƙo hannuna kamar ƙaninsa, alhali sa'o'in juna ne. In ana aikin shara ko shimfiɗa tabarmi, shi ne na farkon zuwa. A 2016 ne abin ya faru. Kuɗin jarida na mako uku, Naira 7,500, suka taru a hannunsa bai kawo ba. Daga nan aka daina ganinsa a zama. Mako ɗaya, mako biyu, wata guda. Da aka zo lissafi aka tambaye ni, tunda ni ne abokin aikinsa. Na miƙe tsaye a cikin wannan zaure na ce, "Ya cinye kuɗin." Haka na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Wani ya ce dama akwai masu shigowa harka don abin duniya. Wani ya ce Allah ne yake tace sahu. Muka yi kabbara muka tashi. Daga ranar sunansa ya koma wanda ya ja baya. A 2017 muka ji an ce ya bar gari, babu wanda ya tambayi ina ya nufa.

To ga shi yau a gabana bayan shekara biyar, a ƙasar da ban taɓa tsammani ba. Kuma ku dubi ikon Allah: ashe ba a cikin gari yake zaune ba, ranar Juma'a kaɗai yake shigowa, ita ma ba kowace ba.

Ya ja ni wajen wata mai abinci ya saya mana wace, ya hana ni taɓa aljihu. Ya tambaye ni su Umma, ya tambayi Baba, ya tambayi malamanmu ɗaya bayan ɗaya, wane yana nan, wane ya yi aure. Da na gaya masa rasuwar malamin da ya koya mana tajwidi, ya ajiye cokali ya daɗe bai ce komai ba. A nan na lura da hannuwansa. Duk tabon ƙuna ne, yatsun sun yi kanta, ga wani tari da yake taso masa lokaci-lokaci.

Muka koma wani ƙaramin masallaci a cikin lungun Nima muka zauna tun daga La'asar har bayan Isha'i, yana ba ni labari. Da ya bar Kano wani mai sana'ar gwangwan ne ya ɗauke shi zuwa Legas, daga can aka ce masa an fi samu a Gana. Ya faɗa wani wuri a Akra da ake kira Agbogbuloshi, inda ake tara matattun kayan lantarki, firji da talabijin da kwamfuta, ana fasawa ana cire ƙarfe. Aikinsa shi ne ƙona wayoyin lantarki don robar ta narke a samu jan ƙarfen da ke ciki. Tayar mota ake cinna wa wuta a jefa wayar, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kai kuma kana tsaye a kai da sanda kana juyawa tun safe har yamma. Ya yi shekara huɗu a haka. A farkon Yuli na 2021 hukuma ta kawo motocin rusau ta share wurin, 'yan kasuwar albasa da ke maƙwabtaka kuma aka mayar da su wani wuri a bayan gari mai suna Ajen Kotoku. Shi ma ya bi su can, yana dakon buhunan albasa da manyan motoci ke kawowa daga Nijar.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce akwai wajen shekara biyu da salla ta zama sai ya ga dama, kuma ya sha ƙwayar nan tiramol kamar yadda abokan aikinsa suke sha don su jure wahala. Na ce to me ya dawo da kai? Ya ce wani tsoho ne mai albasa, mutumin wajen Tawa. Bai taɓa yi masa wa'azi ba, bai ma yi karatu mai zurfi ba. Kullum da asuba sai ya zo inda yake kwance ya taɓa ƙafarsa ya ce, "Yaro, tashi." In ya tashi su yi salla, ya raba kokonsa biyu ya ba shi rabi. In bai tashi ba ya ƙyale shi, gobe ya sake dawowa. Ya ce wata uku tsohon nan yana haka bai gaji ba, har kunya ta sa ya daina kwana da ƙwaya a jikinsa. Wannan tsoho, 'yan uwa, bai san sunan harkarmu ba, bai taɓa karanta jaridarmu ba, da a nan yake wataƙila ma mu sa shi cikin waɗanda muke cewa ba su waye ba.

Ni dai ina ta kewaye-kewaye, na kasa taɓo maganar 2016. Shi ya taɓo ta. Ya ce, "Ka san me na yi da kuɗin nan?" Na ce a'a. Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba."

Lokacin mahaifinsu bai daɗe da rasuwa ba, shi ne babba. Ciwon sukari ya kwantar da Inna, aka rubuta magani da ruwan da za a ƙara mata, babu ko sisi a gidan sai kuɗin jarida da ke aljihunsa. Ya kashe su da niyyar in an biya shi a shagon kafintan da yake koyon aiki zai mayar. Ba a biya shi ba. Juma'a ta zo, kunya ta hana shi zuwa hannu rabbana. Ta biyu ta zo, kunyar ta ƙaru. Yana cikin neman yadda zai haɗa kuɗin sai labari ya iske shi cewa an ambaci sunansa a zama, kuma ga wanda ya ambata. Ya ce, "Ban ce na yi daidai ba. Amana ce aka ba ni na taɓa, ko da me na yi da ita. Da na zo na faɗa tun ranar farko, da ya fi. Wannan laifina ne, na sani. Amma mutumina, gidanmu da naku lungu uku ne." Sannan ya tuna mini wata rana da na hango shi a bakin titi na tsallaka ɗaya hannun. Ni duk shekarun nan ina zaton bai gan ni ba. Har launin rigar da ke jikina ya faɗa mini.

Abin da ya fi wannan ciwo yana gaba. Inna ta rasu a watan Afrilu na 2020, lokacin kullen korona, kwanakin nan da aka yi ta rasa dattawa a Kano. Nijeriya ta rufe iyakarta tun Agustan 2019, Gana ma ta rufe tata, babu hanyar da zai zo. Ta waya ƙanwarsa ta gaya masa. Ya ce ya tambaye ta su wa suka yi wa Inna sutura, su wa suka ɗauki makara. Ta lissafa masa: limamin lungu, maƙwabta biyu, sai samarin nan masu zaman bakin gareji. Waɗannan samari mun san su, su ne muke wucewa muna cewa 'yan zaman kashe wando. Ya ce, "Na tambaye ta, cikin 'yan uwa fa? Ta ce ba ta ga kowa ba." Ni na ji rasuwar a ranar. Na ce Allah ya jiƙanta, na fake da dokar kulle na zauna a gida. Dokar ba ta hana ni fita neman cajin waya ba a wannan yammacin.

Ban sami abin cewa ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, tun ranar da tsohon nan ya gaya masa cewa mai riƙo ba ya jin daɗin salla. Sai ya buɗe wata 'yar jaka da ke rataye a wuyansa ya fito da Ahalarinsa, wanda muka yi karatu da shi, har da rubutuna a bangon baya. A tsakiyar littafin akwai kuɗi a naɗe cikin leda, Sidi 200. Ya ce sau biyu yana tara su. Na farko suna cikin akwatinsa ranar rusau, suka bi ƙasa. Waɗannan na biyu ne, ya fi shekara yana yawo da su yana jiran ya ga wanda zai ba. A canjin lokacin sun haura abin da ake binsa. Na ce sun yi yawa. Ya ce Naira ta 2016 ba ita ce ta yau ba, in kai wa ma'aji, in akwai ragowa a sa a asusun marasa lafiya, in kuwa babu irin wannan asusun to a buɗe da su.

Yanzu bari mu koma ga abin da muka karanta a Sira, domin mun karanta, ba jahilci ne ya sa muka yi abin da muka yi ba. A shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) yana shirin buɗe Makka a asirce, sai Haɗib bin Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su, ya ba wata mata ta ɓoye a gashin kanta. Aka tura su Sayyidina Ali suka tare ta a hanya suka karɓo. Ku auna wannan laifi da Naira 7,500. Asirin rundunar Musulmi ne aka fitar ga abokan gaba. Amma abin da Manzo (SAW) ya fara yi shi ne ya kira Haɗib ya tambaye shi me ya kai shi. Haɗib ya yi bayanin cewa iyalinsa suna Makka ba su da dangin da zai kare su. Aka saurare shi har ya gama. Ba a ce abin da ya yi daidai ne ba, farkon Suratul Mumtahana ma a kan haka ya sauka. Amma an tambaye shi, kuma an tuna masa Badar da ya halarta. Mu ba mu tambaya ba, kuma ba mu tuna tabarmi ko ɗaya da ɗan uwanmu ya shimfiɗa ba.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma da shi na riƙa lallashin zuciyata. Zai ce ai an ƙaurace wa Ka'ab bin Malik. Gaskiya ne. Bayan yaƙin Tabuka a shekara ta 9, Ka'ab da Murara bin Rabi'i da Hilal bin Umayya sun ƙi fita ba da uzuri ba, kuma suka faɗi gaskiya ba su yi ƙarya kamar munafukai ba. Aka hana kowa yi musu magana. Amma ku duba da kyau. Wa ya ba da umarnin? Manzon Allah ne da kansa, wanda wahayi ke sauka gare shi, ba wasu samari ne suka yanke a tsakaninsu bayan lissafin kuɗi ba. An yi shi ne bayan an zaunar da su an ji ta bakinsu. Kuma yana da iyaka, kwana hamsin. Mu namu wa ya ba da umarninsa? Yaushe aka ce zai ƙare? Ga shi hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, yaran ajin farko ma sun haddace shi.

Akwai abu biyu a ƙissar Ka'ab da ban taɓa lura da su ba sai a daren nan na Nima. Na farko, yana cikin wannan ƙunci, har ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada ya yi sallama ba a amsa ba, sai ga wani baƙo daga Sham yana cigiyarsa a kasuwar Madina, ɗauke da wasiƙa daga sarkin Gassan. Sarkin yana ce masa ya ji an wulaƙanta shi, ya taho wajensu za a girmama shi. Ka'ab ya jefa wasiƙar a tanderu. Wato duk wanda jama'arsa suka juya wa baya, akwai mai jiransa da wasiƙa. A zamaninmu mai wasiƙar shi ne dillalin ƙwaya, shi ne mai safarar mutane ta Agadas zuwa Libiya, shi ne ɗan siyasar da ke neman 'yan daba, shi ne mai ɗaukar yara zuwa daji da sunan jihadi. Ka'ab ya ƙona tasa domin imaninsa, kuma yana zuwa masallaci yana ganin Manzo yana satar kallonsa in ya tada salla, ya san ba a fid da rai da shi ba. Yaro ɗan shekara sha takwas da uwa a kwance, wanda babban abokinsa ya tsallaka titi don kada su gaisa, da wane ƙarfi zai ƙona tasa?

Na biyu, ranar da aka karɓi tubarsu, aya ta 118 a Suratut Tauba, wani ya hau dutsen Sal'u bayan sallar Asuba ya ƙwala masa albishir, Ka'ab ya tuɓe tufafinsa ya ba shi tukuici ya ari wasu ya sa. Da ya shiga masallaci, Ɗalha bin Ubaidullah ya taso da sauri ya yi musafaha da shi. Ka'ab bai taɓa mance wa Ɗalha wannan ba har ya tsufa. Mutumin da ke cikin ƙunci yana riƙe da lissafin wanda ya taso da wanda ya zauna. Abokina ma yana riƙe da nasa, kuma a ciki samarin gareji ne da tsoho mai albasa suka taso.

To saura nawa laifin na biyu, wanda shi ne dalilin tsayuwata a nan. Na dawo daga Gana, na canza kuɗin, na sami ma'aji shi kaɗai bayan an watse na ba shi, na ce wane ne ya aiko. Ya rubuta, ya ce Allah ya saka. Shi ke nan na yi shiru. A bainar jama'a na ɓata sunan mutum, a ɓoye na je gyarawa. Shekaru ke nan ina cewa sai an sami lokacin da ya dace, alhali tsoron kunyata nake yi, irin kunyar da ta hana shi zuwa a 2016, sai dai shi yana da uzurin yarinta da talauci, ni ba ni da ko ɗaya. Abin da ya tayar da ni shi ne makon jiya, muna naɗe tabarmi, na ji wasu ƙannenmu biyu suna maganar wani ɗan uwa da aka kwana biyu ba a gani ba. Ɗaya ya ce ai wane ya yi sanyi. Ɗayan ya ce dama bai taɓa yarda da shi ba. Na tambaye su ko akwai wanda ya je gidansu. Suka dubi juna. Ban ga laifinsu ba, a wajenmu suka koya.

Saboda haka, a wannan zaure da na miƙe na ce ya cinye kuɗin, yau na miƙe ina shaida muku cewa ɗan uwanmu ya taɓa kuɗin ne don maganin mahaifiyarsa, ya amsa kuskurensa, ya biya har da ƙari, ma'aji yana nan zai tabbatar. Maganar da aka yi cewa ya shigo don abin duniya ƙarya ce, kuma ni na buɗe ƙofarta. Ina neman gafarar Allah, ina roƙon duk wanda ya ɗauki maganar daga bakina ya kai wani wuri, ya koma can ya gyara.

Sannan ina roƙon masu kula da da'ira su fito da littafin sunaye na shekara biyar da suka wuce, mu zauna mu duba su wa suka ɓace. Na ɗan gwada daga abin da na iya tunawa, na lissafa mutum goma sha ɗaya a unguwarmu kaɗai, kuma a cikinsu biyu ne kawai na san dalilinsu. A raba sunayen, mutum biyu su ɗauki ɗaya. Kada a je da wa'azi, kada a je da jarida, kada a ce me ya sa ba ka zuwa. A je a gaishe shi, a gaishe da iyayensa, a ga abin da ke cikin gidan. Maganar asusun marasa lafiya kuma da ya ce a buɗe, har yau ba a buɗe ba, ragowar kuɗinsa suna nan a rubuce.

Shi kuwa yana nan a Gana, muna waya. Tarin bai rabu da shi ba, a sa shi a addu'a. Ƙanwarsa tana gidan mijinta, ƙannensa maza biyu suna nan a gidan nasu, lungu uku daga namu. Ni da duk wanda ya halarci zaman nan na 2016 za mu haɗu a nan gobe bayan La'asar mu je mu yi musu ta'aziyyar Inna. Lambar wayarsa tana hannuna, ya ce in ba duk wanda ya nema, a same ni bayan addu'a.